Shekarar da Iya Ta Zauna a Gidan Soro

Ƙamshin hayaƙin ƙodagon goruba ne ya tashe ni ran nan, yana shigowa ta bisa katanga daga wani gida da ban san ko na wa ba ne. Na fito na tarar da kakata Iya tsaye a tsakar gida, riƙe da tsingaro, babu garwashi ko ɗaya a kansa. Ta dubi gabas ta ga katanga, ta dubi yamma ta ga katanga. Kwananta ɗaya ke nan a sabon gidanmu na Gure, ta kuwa rasa inda za ta nufa.

Na fara da wannan safiya ne saboda ku, ƴaƴana da jikokina. Na sha jin kuna maimaita abin da kuka tsinta a bakin dangi, wai mahaifina ya gina soro ya shiga, ya bar uwarsa cikin bukkar kara har ta rasu. Ba haka aka yi ba. Ni ce na ɗauki maganar daga bakinta na kai kunnensa, kuma a cikin waɗanda suka ga shekarar nan ni kaɗai na rage. Abin ya faru ne zamanin da kumandan Bature ke zaune a bariki, ƴan shekaru kafin yaƙin Turawa na biyu.

Da aka yaye ni, Iya ce ta ɗauke ni riƙo ta tafi da ni ƙauyenmu da ke bakin wani kwari kusa da Gidigir. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ke kirana Uwani, ita kuwa Takwara take ce mini in tana cikin daɗi, Malama in tana neman tsokana. Bukkarta na bisa tudun rairayi. In ka zauna a ƙofa kana hango kawunan goruba da dabino a ƙasa cikin kwari, da farin kanwa yana ƙyalli kamar an shanya zannuwa. Kowa ya sauka rijiya ko ya hawo, ta gabanta zai bi. Tsakaninta da maƙwabciyarta zana ɗaya ce, gajeriya, iyakarta ƙirji. Maƙwabciyar ita ce Ya Falmata, ƴar Mangawa, doguwa, haƙoranta ja wur da furen taba. Su biyun mazansu sun rasu tun ban zo duniya ba. Iya ta yi zagi da Hausa, Ya Falmata ta rama da Barbarci, kowacce na jin na ƴar'uwarta sarai.

A lokacin maza ne ke da ƙyastu a aljihu. Mata binne garwashi suke yi cikin toka kafin su kwanta, wadda tata ta mutu sai ta ɗauki tsingaro da sassafe ta shiga maƙwabta ta ɗebo. Iya ta iya binne wuta kamar kowace mace, amma ban taɓa ganin tata ta kwana ba. Kullum bayan asuba sai ta zagaya zanar nan, ina biye da ita ina murza ido.

"Wushe, Falmata. Da sauran mai rai a gidan nan?"

"Ga matsiyaciyar ta zo. Ke murhunki ramin kwaɗi ne?"

"Ba ni wutar, ki riƙe bakin."

"Zauna tukuna, ban hura ba."

Sai ta zauna. Daga nan za a bi ƙauyen gida gida: akuyar wa ta haihu, wa ya sayar da kanwarsa da arha, wace amarya ce ba ta iya tankaɗe ba. Ni kuwa yunwa na cina, ina jiran kunu, ina kallon gashin hannun Iya yadda rana ke taɓa shi, ina so ta juyo ta dube ni. Tun a lokacin ba na ƙaunar matar nan, ban kuwa san sunan abin da nake ji ba.

Da na fara fid da haƙoran gaba Baba ya aiko aka komo da ni Gure don karatu. Shi malamin alƙali ne, shi ke rubuta abin da aka yanke. Bai bambanta ni da ɗalibansa maza ba. Na sauke, na shiga ƙananan littattafai, na koyi karanta waƙoƙin ajami har na fara ƙulla nawa a bayan allo ina wankewa kafin kowa ya gani. Wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, abokin Baba, ya nuna masa baƙaƙen boko, ni kuma na ɗauka a wurinsa, da su nake rubuta muku wannan. Amma duk shekarun nan rabin zuciyata na kan tudun rairayin can. Nakan kwanta in gina wa kaina gida a zuci, in sa Iya a ciki, ni da ita, babu zana, babu kowa a bayan zana.

Sai ga shi Baba ya gina gidan da gaske. A Gure ta wancan lokaci, in ka cire bariki da gidajen manya, yawancin mutane a bukkoki suke. Shi kuwa ya sa aka yi tubali, aka jera azara, aka shafe da makuba, aka kafa ƙofar katako. Matan unguwa sun yi ta shigowa wai aron rariya, idonsu na bisa rufi, su fita suna taɓe baki. Ɗakin da ya fi kyau, mai kallon gabas, shi ya ce na Iya ne. Ni da mahaifiyata Inna muka yi daɓen, na shafe bango da farar ƙasa da hannuna, na jera ƙore, na turara. An riga an sa ranar aurena bayan girbi mai zuwa, da wani ɗalibin Baba wanda ya yi niyyar tafiya hajji ta ƙasa, ku kun san shi da Alhaji. Ina son auren, ina son tafiyar. Amma na san shekarar nan ce ta ƙarshe, na kuma ƙudurta cewa Iya tawa ce a cikinta.

Wani abu da ya kamata ku sani, don yanzu ya fara ɓacewa: Baba ɗan fari ne. Iya ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. Mutumin nan take ce masa. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin wani, a gidanmu kuwa ni ce bakin.

Bayan an shigar da gero aka kawo ta bisa takarkari, da tukwanenta biyu da tabarmarta. Ta shiga ɗakin ta ɗaga kai ta dubi azara, ta shafa bango, ta duba tafinta.

"Ki gaya wa mutumin nan Allah ya yi albarka," in ji ta. Da muka rage mu biyu sai ta rage murya. "Takwara, ta ina ake ganin mutane?"

Washegari ce safiyar da na fara ba ku labari. Tana tsaye da tsingaro sai Inna ta fito tana dariya, riƙe da ɗan kwalin alimeti, abin da mutanen Kano ke kira ashana. Baba ya samo shi a wurin masu aiki a bariki, Inna kuwa tana ji da shi.

"Iya, ki huta. Nan wuta a cikin kwali take kwana."

Ta ƙyasta, wuta ta kama. Iya ta kalli tsinken har ya cinye.

"To. Sannu da aiki," ta ce, ta ajiye tsingaron a gindin bango.

Duk da haka kashegari ta ɗauka ta fita ta zaure. A damanmu matar wani gardin bariki ce da aka kawo daga ƙasar kogi, ba ta jin Hausa, ba ta jin Barbarci. Ta zuba mata garwashi a bakin ƙofa, ta yi murmushi, ta koma. A hagunmu gidan wani attajiri ne mai kulle, wata mai aiki ce ta miƙo wutar ta zaure. Iya ta dawo tun ruwan da Inna ta ɗora bai yi ɗumi ba.

"Sun ba ki?" na tambaye ta.

"Sun ba ni. Mutanen kirki ne. Ba su ce komai ba."

Daga ranar ba ta sake fita ɗebo wuta ba. Ba ta yi ƙorafi ba, kada ku zaci ta yi. In an tambaye ta ɗaki sai ta ce ba ya yoyo, ba ya shigar da iska, ɓera ma ya rasa ta inda zai bi. Amma Ya Falmata ta tare a gidanmu ba tare da ta taka ƙofarsa ba. In Inna ta yi miya, Falmata ta fi sa gishirin manda, shi ya sa miyarta ba ta ciwuwa. In jaki ya yi kuka, muryar Falmata ce sak in tana kiran kaji. Ba ta taɓa ambatonta da alheri ba, ba ta kuma taɓa wuni ba ta ambace ta ba. Ni da nake wanke mata ƙafa, nake dama mata fura, nake cire mata ƙwallon dabino don haƙoranta, sai ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka, idonta na can wani wuri. Na gane cewa albarkar da ake sa mini ba ta kai nauyin zagin da ake yi wa matar can ba. Na so a zage ni haka ko sau ɗaya.

Na yi dabara. Na kafa duwatsu uku a bayan rumbu, na ce wa Inna ta ɓoye kwalinta, na tashi tun duhu na hura wuta, na aika da murya cewa ga maƙwabciya ta tare. Iya ta yi dariya har da tari, ta ɗauki tsingaro ta zagayo.

"Salamu alaikum. Da mai rai a gidan nan?"

Na durƙusa na zaɓi garwashin da ya fi ja, na miƙa mata da hannu biyu.

"Wa ya koya miki ba da wuta haka, Malama? Ko zama ba ki ce in yi ba. Ce mini matsiyaciya."

"Iya, ba zan iya ba."

"Na sani." Ta zauna a kan dutse, ta hura garwashin a hankali. "To ba ni labari. Me aka yi jiya?"

Duk abin da aka yi jiya tare muka gan shi.

"Wutarki kyakkyawa ce," in ji ta. "Sai dai gida ɗaya muka kwana."

Ta zo sau biyu ko uku don kada raina ya ɓaci, sannan muka bar wasan ba wanda ya ce a bari.

Na koma ga abin da na fi iyawa. Na ƙulla mata baitoci a kan kwarinmu, na sa goruba na sa dabino, na sa farin wata yana kwanciya bisa kanwa, da matan rijiya suna hawowa da tuluna. Na daɗe ina gyara su. Wata rana da hantsi na zauna gabanta na rera. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai, na ce yau na same ta. Da na gama ta buɗe ido.

"Kin iya, Takwara. Amma kin manta akuyar Falmata, mai cinye mini zana. In babu ita ba ƙauyenmu ba ne."

Na je bayan ɗaki na wanke allon, na zubar da ruwan a gindin magarya, ko da yake babu ayar Allah a ciki da za a ji tsoron takawa.

Tun sanyi Iya ta fara ramewa. Loma biyu uku sai ta ture akushi. Baba ya yi mata rubutu, Inna ta dafa mata sassaƙe, babu abin da ya sauya. Sai wata ranar kasuwa, zafi ya fara shigowa, wata mata daga ƙauyenmu mai sayar da tabarmin kaba ta yi sallama. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan dunƙulen manda.

"Ya Falmata ta ce in kawo miki, wai ta san mutanen gari ba su san gishiri ba. Ta ce in faɗa miki kuma bukkarki ta karkata kamar mai ita. Kajinta na yin ƙwai a kan gadonki, ko ɗaya ba za ta ba ki ba."

Iya da ke kwance ta tashi zaune kamar an yayyafa mata ruwa. Ta juya harshe zuwa Barbarci, ta fara daga kakannin Ya Falmata ta gangaro har kan kajin, ta sa matar ta maimaita saƙon ramuwa har ta haddace. Muryarta ta fita har zaure, ɗaliban Baba suka yi shiru da karatu. Ran nan ta cinye tuwonta ta nemi ƙari, ta lashe yatsu. Inna ta yi hamdala. Ni na zauna a bakin ƙofa ina kallonta tana ci. Wata da watanni ina lallashi, kalma huɗu na rashin kunya daga bakin tsohuwar can sun yi abin da na kasa.

Da bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa gabas yana watsewa, Iya na tsefe mini kai a inuwa sai ta yi maganar, kaina na kan cinyarta, ba na ganin fuskarta.

"Ki gaya wa mutumin nan a nemo mini takarkari. Zan koma gida kafin ruwa."

"Nan ba gida ba ne?"

"Gidansa ne. Allah ya bar masa."

"Saboda Ya Falmata ne."

"Saboda jinka ne. In ruwa ya sauka ban gyara ba, bukkar ta tafi."

"To ki jira bikina. Ƴan watanni ne, Iya. Daga nan ba za ki sake ganina ba sai Allah ya yi."

Hannunta ya tsaya cikin gashina, sannan ya ci gaba.

"Shi ne ai. Ke za ki yi gabas, ni a bar ni da katanga."

A nan ne abin ya rage a hannuna. Ita ba za ta taɓa yi masa maganar da kanta ba, Inna kuma ba za ta sa baki ba don kada a ce suruka ta kori uwar miji. Da na je na ce Iya na jin zafin ɗaki, da Baba ya sa an kafa mata rumfa, ruwa ya sauka, bukkar ta faɗi, magana ta ƙare. Ba ƙarya ba ce ma, ɗakin na da zafi. Na san wannan sarai, na kuma yi kwanaki ina juya shi. Nakan ce wa kaina a nan akwai abinci, akwai magani, akwai masu kula, can kuwa me ke akwai in ban da tsohuwa mai jan haƙori? Iya ba ta sake tambayata ba. Takan dube ni kawai in Baba ya shigo, sannan ta dubi ƙasa.

Wata rana da tsakar rana, gida ya yi tsit kowa na hutawa, na fito shan ruwa. Na ga Iya ta kife turmi a gindin katangar kudu ta hau, tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ta dafa bango da yatsu ta yi ɗage tana leƙe. Na san abin da ke bayan katangar nan: lungu ne da wata katangar. Ta daɗe tana kallo. Ban yi motsi ba har ta sauko, ta gyara turmin ta mayar inda yake.

Bayan la'asar na shiga zaure, ɗalibai sun tashi, Baba na fiƙe alƙalami. Na durƙusa na faɗi saƙon yadda aka ba ni shi, ban rage ba, ban sassauta ba. Ya ajiye wuƙar.

"Uwani, me na rage mata?"

"Ba ka rage komai ba, Baba."

"Wani ya ɓata mata rai? Innarki?"

"Babu."

"To me take nema a can da babu a nan?"

"Mutane, Baba. Wanda zai wuce ta gani. Da wanda zai zage ta."

Ya yi wata ƴar dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Falmata," in ji shi. "Tun ina yaro, in na tashi da safe ina kuka, sai ta dawo daga gidan matar nan ake duba ni. Na ce in na gina mata ɗaki kusa da ni..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi rufin zauren. "Kin san abin da gari zai ce?"

"Na sani."

"Ke fa, me kika gani? Ke ce uwata a gidan nan."

Da na ce a bar ta, da ya bar ta. Yana jira in faɗa, ni ma ina so in faɗa. Na ga mu biyu ciwo ɗaya ke damunmu, na kuma ga turmin nan a kife.

"A kai ta, Baba."

Ya tashi ya shiga cikin gida, abin da ba ya yi a wannan lokaci, ya tsuguna a wajen ƙofarta, asabari na tsakaninsu. Ni ya yi wa magana, ko da yake tana ji.

"A gaya wa Iya jibi za a kawo takarkari. Ni da kaina zan je in ɗora jinkar. A roƙe ta gafara in akwai abin da ta gani."

"A gaya masa ban ga komai ba sai alheri," muryarta ta fito daga ciki. "Ɗakin na da kyau. A zuba gero a ciki, ɓera ba zai taɓa ba."

Ranar tafiya ta tashi kafin kowa, ta ɗaure kayanta da kanta. Na raka su har bayan gari inda rairayi ke farawa. Ta dafa kaina ta sa mini albarka, ta hau, tana ta yi wa mai jan takarkari faɗa wai yana tafiya kamar mai ciki. Na tsaya ina jira ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba. Ko daga bayanta ana ganin murna.

Gari kuwa ya faɗi abin da Baba ya ji tsoro, har alƙali ya kira shi gefe ya tambaye shi. Matan da suka yi ta aron rariya suka samu abin taunawa, wai soron ya fi ƙarfin uwa. Bai taɓa kare kansa ba, don kare kan na nufin ya ce uwarsa ta ƙi gidansa. Ya je ya ɗora jinkar da hannunsa, malami da shi, kuma bai fasa aika mata da hatsi da zane ba har ƙarshen ranta. Abin da ya iso kunnenku guntun maganar matan nan ne.

Iya ta zo bikina bayan girbi. Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi baƙi da rana, amma ba ta da yawan magana. Ita ta sa mini lalle. Muna zaune ƙafata na hannunta, na kasa riƙe bakina.

"Ya Falmata na lafiya? Ta bar ki kin zo?"

Ba ta ɗago ba.

"Tana inda take."

Kwana biyu ta yi. Da Baba ya aiko ni in roƙe ta ta ƙara, ta ce ta bar gida ba kowa, ta hau takarkari tun ba a kai ni ɗakin miji ba. Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Muka yi gabas da Alhaji, muka zauna a ƙasar Sudan muna noma muna tara guzuri, a can aka haifi manyanku. Labarin rasuwarta ya same ni a bakin wasu matafiya bayan an daɗe da yi. Duk shekarun nan in na tuna ta ba na ganinta ita kaɗai. Ina ganinsu su biyu a gindin zana, tsingaro a tsakaninsu, suna dariya, ni ina tsaye ina jira. Ko a Makka da na yi wa Iya addu'a, sai da na yi faɗa da zuciyata kafin na haɗa da ɗayar. Kun sha tambayata me ya sa nake kiran yayarku Zara alhali sunan yankanta Falmata, na uwar Alhaji. To ga dalilin.

Mun dawo na tarar Baba ma ya rasu. Sai da furfura ta cika mini kai na je wani suna a Gidigir, wata mata ta ji sunan gidanmu ta matso ta ce ita jikar Ya Falmata ce, a gidan ta girma. Na gaishe ta da ladabi, na ce ai kakanninmu sun sha zamansu tare har tsufa.

Ta ce wane zama. Ya Falmata ta rasu a daminar da Iya ta koma, gero bai ko fid da kai ba. Iya ce ta wanke ta. Ita ce kuma ta bi waɗanda za su zo bikina ɗaya bayan ɗaya ta roƙe su kada su faɗa a Gure, don in ɗanta ya ji ba zai bar ta ta komo ba. Da labarin ya kai masa daga baya ya zo da takarkari har sau biyu, ya koma da shi babu kowa a kai. Dangin Ya Falmata suka tashi zuwa Gamu, gidan ya zama kango. Iya ta zauna a bukkarta bisa tudu shekaru masu yawa bayan haka, tana gaisawa da masu sauka rijiya, kuma babu wanda ya taɓa jin ta ce tana son zama a wani wuri.